Kimci a Koriya, daddawa a Gaya: Shagon unguwar da muke jin kunyar shiga

Duk wanda ya kwana a ɗakin ɗalibai a 'yan shekarun nan ya san yadda finafinan Koriya ta Kudu suka samu gindin zama a wayoyinmu. Yayyenmu sun fara da Jumong a faifai, mu kuma yanzu sababbi muke tura wa juna daga waya zuwa waya. A kusan duk fim ɗin da ya shafi rayuwarsu ta yau, da an zauna cin abinci za ka hangi wani jan kabeji a ɗan faranti a tsakiyar tebur. Shugaban kamfani ya kai hannu, direbansa ma ya kai. Sunan abin kimci, kuma yawan ganinsa ya sa da yawa cikinmu suna ɗokin ɗanɗana shi, har wasu 'yan mata sun gwada haɗa nasu da kabejin kasuwa suna bin bidiyon YouTube.

Wanda ya shiga kasuwar Gaya ko ta Ajingi yana cigiyar kimci zai sha yawo. Amma idan abin da ya burge mu shi ne abincin da aka tsima da hannu, aka gada kaka da kakanni, ake saye a wurin wadda unguwa ta sani ta kuma yarda da ita, to muna da irinsa. Mu matasa ma mun fi kowa sanin gidan da ake sayar da shi, tunda mu ake aika. Daddawa ke nan.

Inda muka bambanta da mutanen Koriya shi ne su suna tinƙaho da nasu, mu kuwa in an aike mu sayen tamu sai mu ninka leda biyu, mu bi ta lungu kada abokai su ji warinta a jikinmu. Wannan kunyar tana jawo mana asara. Sana'ar daddawa ta rage a hannun iyaye da kakanni, bishiyar da ke ba da kalwa tana raguwa a gonaki, kuma in babu mai saye babu mai koyo, wata rana sai dai a ba da labari.

Shi kimcin mene ne?

Kimci kayan lambu ne da ake yi wa gishiri, a cuɗa da kayan yaji, a rufe a ajiye har ya yi tsami. Wanda ya fi shahara shi ne na wani dogon kabeji mai faɗin ganye. Ana tsaga kabejin, a bar shi cikin gishiri na wasu awanni har ya yi laushi, a wanke, sannan a shafa wa kowane ganye haɗin dakakken jan barkono da tafarnuwa da citta da ganyen albasa da ruwan kifi ko ƙananan jatan lande da suka daɗe a gishiri. Daga nan sai a danna shi a mazubi a rufe. Ire-irensa suna da yawa, har da farin da ba a sa masa barkono.

Larura ce ta haifar da shi. Hunturun Koriya na ƙanƙara ne, gona ba ta ba da ganye na tsawon watanni. Don haka wajen watan Nuwamba dangi da maƙwabta kan taru su yi aikin gayya, su haɗa kimcin da zai kai gida har sanyi ya wuce, su zuba a manyan randunan ƙasa, a da har binne randunan ake yi a tsakar gida. Wannan gayyar ita suke kira kimjang.

Yau yawancin 'yan Koriya a birane suke, a gidajen bene, ba kowa ke da sukunin kimjang ba. Akwai kimcin kamfani a manyan kantuna, akwai kuma mai araha da ake shigowa da shi daga ƙasar Sin, wanda gidajen abinci da yawa ke amfani da shi. Duk da haka ƙananan shagunan unguwa da rumfunan kasuwa masu sayar da mahaɗin shinkafa ba su mutu ba. Galibi mace ce a ciki, ita ta haɗa da hannunta. Mai saye ya zaɓi sabo ko wanda ya kwana biyu ya yi tsami, a auna masa, ya biya fiye da kuɗin na shigowa ba tare da ƙorafi ba, saboda ya san hannun da ya yi.

Shagon da ba shi da allo

To mu dawo gida. Gaya gari ne mai tsohon tarihin sana'ar hannu. A tarihin baka na Kano ma ana cewa maƙeran da suka fara zama a gindin Dala, wato Abagayawa, daga Gaya suka taso suna neman tama. Yau Gaya da Ajingi da Albasu mazaɓar tarayya ɗaya ce, yankin manoman gero da dawa da wake da gyaɗa a gabashin Kano, dab da Jihar Jigawa. A irin wannan yanki tuwo ne abincin dare, miyarsa kuwa, ko ta kuka ko ta busasshiyar kuɓewa ko karkashi, ba ta haɗuwa sai da daddawa.

Daga cikin garin Gaya zuwa Kademi da Shagogo, daga Ajingi zuwa Toranke da Balare, tambayi yaron da ka gani a hanya ina ake sayar da daddawa, zai nuna maka gida. Babu allo a ƙofa, babu kanta. Shagon tsakar gida ne, kayan na cikin ƙwarya ko roba an rufe da faifai. Yaro ya yi sallama ya shiga ya ce, "Inna, wai in ji Umma a ba ni daddawar ɗari." Babban namiji kuwa a ƙofar zaure zai tsaya ya tura yaro.

Mai daddawar ta san gidan da yaron ya fito. Ta san ko gidan yawa ne, ta san ko an yi haihuwa kwanan nan ana neman wadda za a daka yajin jego da ita. Takan yi gyara, takan ba da bashi sai an sayar da amfanin gona. In kuma kayanta ya zo da yashi, kafin magariba maganar ta dawo mata. Amanar da ke tsakaninta da unguwa ita ce takardar shaidar ingancin kayanta, kuma ta san ranar da ta yi wasa da ita cinikin ya koma gidan gaba.

Wata masaniya 'yar Ingila mai suna Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta Katsina tana nazarin tattalin arzikin karkara, ta yi rubutu a 1969 a kan irin wannan harka, ta kira ta ɓoyayyen ciniki: matan aure na saye da sayarwa daga cikin gidajensu, yara ne ƙafafunsu. Ɓoyayye ne ga baƙo, amma mu mun san inda ribarsa ke zuwa. Da ita ake zubin adashi, a tara wa 'ya kayan ɗaki, a sayi littafi da takalmin makaranta. Ba mamaki cikin masu karanta wannan shafi akwai waɗanda da kuɗin daddawa aka biya musu jarrabawar NECO.

Daga reshe zuwa tukunyar miya

Wanda ya san wahalar yin daddawa ba zai tsaya neman ragi ba. Aikin yana farawa ne daga bishiyar ɗorawa. Da rani take fitar da jajayen furanni masu kama da ƙwallo suna reto, jemagu da ƙudan zuma su yi musu barbara. Da bazara, kafin ruwa ya sauka, 'ya'yan sun nuna, dogaye a jere kamar yatsu, sai a sa ƙugiya a kaɗo su.

Babu abin yarwa a jikinsu. Garin da ke ciki shi ne yara ke lasa ko a dama a sha, kuma daga launinsa muka samo kalmar ruwan ɗorawa da muke karantawa tun aji ɗaya. Ɓawon shi ne makuba, wadda ake jiƙawa a yi daɓe ko a shafe katangar ƙasa don kada ruwan sama ya cinye ta. Ƙwayar da ta rage bayan an wanke garin ita ce kalwa.

Kalwa tauri gare ta kamar tsakuwa. Sai an ɗora ta a babbar tukunya tun yamma, ana iza wuta ana ƙara ruwa, ta kwana tana dahuwa, wani lokaci har ta kai wunin gobe. Idan ɓawonta ya yi laushi sai a zuba a turmi da toka ko yashi a surfa. Daga nan a kai ta bakin rijiya a yi ta wanki ana murzawa ana canza ruwa har baƙin ɓawon ya rabu, a zauna a tsince tsakuwa da ƙwayoyin da ba su ɓare ba. Sai a sake dafa ta na awa ɗaya ko biyu, wasu kan jefa 'yar kanwa don ta ƙara laushi.

Tun tana da zafi ake tsane ta, a juye a kwando ko masaki, a lulluɓe da ganye ko buhu, a ƙara da tsumma, a kai ta lungun ɗaki mai ɗumi. Bayan kwana biyu zuwa uku in aka buɗe, launinta ya yi duhu, ta yi yauƙi, warinta ya cika gida. Sai a kirɓa ta, a cura, a daɓe ta fale-fale, a shanya a rana har ta bushe ta yi baƙi. Daga ɗora tukunya zuwa kwashe shanya, mako guda ya kusa tafiya.

Duk wannan babu agogo babu ma'aunin zafi. Da tafin hannu da hanci mai daddawa take sanin ko ta yi. Da hunturu ta ƙara rufi ta ƙara kwana, da zafi ta leƙa da wuri kada ta zarce. Wannan ilimi ba ya cikin littafinmu na makaranta, yana kan tsofaffin da muke gaisarwa kullum mu wuce.

Ba kalwa kaɗai ake yi da ita ba. Akwai daddawar batso da ake yi da gurguzu, wato ƙwayar yakuwa, wadda aka sani sosai har a Jamhuriyar Nijar. Akwai kuma ta waken suya, wadda ta yaɗu saboda waken ya fi sauƙin samu, ya fi saurin dahuwa.

Kimiyyar da ke cikin warin

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ɗalibin kimiyya da ya taɓa jin darasin ƙananan halittun da ido ba ya gani, ga aikinsu nan a lungun ɗakin Inna. Wadda ke jan ragamar tsimuwar daddawa wata ƙwayar bakteriya ce mai suna Bacillus subtilis. Farfesa Sunday Odunfa na Jami'ar Ibadan yana cikin waɗanda suka tabbatar da haka tun farkon shekarun 1980, a nazarinsa kan iru, wato daddawar Yarbawa.

Ƙwayar tana jure zafi, tana kuma maƙale a jikin kwando da ganye da buhun da ake rufi da su. Da ta samu dafaffiyar kalwa da ɗumi sai ta hayayyafa, ta rinƙa farfasa furotin ɗin kalwar zuwa ƙananan sinadarai. A cikin wannan aiki take fitar da iskar amoniya, ita ce ke bugun hanci. A ciki kuma ake samun sinadarin gulutamet, shi ne ke sa miya garɗi.

Wannan gulutamet yana da labari. A 1908 wani masanin kimiyya na Japan, Kikunae Ikeda, ya tace shi daga wata ciyawar teku, ya ce ɗanɗano ne na biyar bayan zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri, ya raɗa masa suna umami. Shekara ɗaya bayan haka aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, wanda mu muke kira farin magi. Ke nan ɗanɗanon da muke saye a 'yar leda, kakanninmu sun daɗe da samo shi a kalwa. Bugu da ƙari, kusan kashi ɗaya cikin uku na busasshiyar daddawa furotin ne, abin da ba ƙaramin taimako ba ne a gidan da nama sai ranar kasuwa ko ranar suna.

Shi kimci a wani dangin yake. Bakteriyar da ke tsima shi tsami take fitarwa, irin na nono da na kamun koko. Ainihin 'yar uwar daddawa a Koriya wata ce da suke kira conggukjang: a dafa waken suya, a rufe shi a ɗaki mai ɗumi kwana biyu zuwa uku, ya yi yauƙi ya yi wari, a yi miya da shi. Bakteriyar ɗaya ce da tamu. Natto na Japan ma haka. A nan Afirka ta Yamma kuwa, abin da muke kira daddawa shi ne sumbala a Mali da Burkina Faso, netetu a Senegal, afitin a Jamhuriyar Benin, a Ghana kuma dawadawa suke cewa. Ita kanta ɗorawar sunanta na kimiyya Parkia biglobosa, an samo shi daga sunan Mungo Park da muke karantawa a tarihi.

Abin da ke cin sana'ar

Na farko shi ne magi. Tun 1908 kamfanin Julius Maggi na ƙasar Suwizalan ya fara yin ɗan dunƙulen, yau kuma kamfanoni da yawa ke yin irinsa. Yana da sauƙi, ba daka ba wari, ga talla a rediyo da talabijin dare da rana. Ba a ce a zubar da shi ba, wasu ma ana ƙara musu sinadarin aidin da na ƙarin jini, kuma uwargida da yawa tana haɗa su biyun a tukunya ɗaya. Sai dai kaso mai yawa na nauyin dunƙulen gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, saboda gudun hawan jini. Babbar illar da tallar ta yi mana ita ce ta cusa mana tunanin cewa miyar 'yar boko ba ta haɗa hanya da daddawa, wai abincin ƙauye ce.

Na biyu tsadar aiki. Tukunyar da za ta kwana a wuta itace take ci, itace kuwa kullum ƙara kuɗi yake. Ga ruwan wanki da sai an jawo ko an saya.

Na uku kuma mafi girma, ita kanta bishiyar. Sunayen wurare suna ba da shaidar yawanta a da: unguwar Ɗorayi a birnin Kano jam'in ɗorawa ne, ga kuma Ɗorawar Sallau a hanyar Zariya. A ƙasar Hausa ɗorawa dukiya ce da ake gado, har akan sayar da 'ya'yanta tun suna sama. Yau ana sare ta don itace da gawayi, gonakin gefen gari ana yanka su filaye. Inda matsalar ta fi tsanani shi ne ba a maye gurbin waɗanda suka faɗi. Kusan duk ƙwayar da bishiya ta bayar tukunya take shiga, 'yar wadda ta tsira kuma ko akuya ta cinye ko garma ta tumɓuke. Ɗorawa takan yi shekara biyar zuwa goma kafin ta fara 'ya'ya, don haka ɓarnar da aka yi bana sai nan gaba za a ji ta. Idan kalwar gida ta yi ƙaranci sai a koma ga wadda fatake ke kawowa daga inda ɗorawa ta fi yawa, kamar kudancin Kaduna da Jihar Neja, da kuɗin mota a kanta. Abin da ke tura wasu masu sana'ar zuwa waken suya ke nan.

Na huɗu rashin magada. Yarinyar da ake tsokana a aji ana kiranta 'yar mai daddawa ba za ta so zama kusa da turmin ba. Sannan yaran da a da ke yawon talla yanzu ana so su zauna a makaranta, kuma haka ya kamata, babu ja. Amma hakan na nufin sana'ar tana buƙatar sabuwar hanyar kai kaya ga mai saye, kuma masu ilimin buɗe wannan hanya mu ne.

Yadda Koriya ta riƙe nata

Kimci ma wari gare shi, har 'yan Koriya suka ƙera masa firji na musamman, wanda ke riƙe sanyi irin na randar da aka binne, ya kuma raba shi da sauran abinci. Warin bai sa sun guje shi ba, dabara suka nema masa.

A 2001 hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci ta duniya, ta amince da ƙa'idar kimci. A 2008 'yar sama jannatin Koriya ta farko, Yi So-yeon, ta tafi da shi tashar sararin samaniya. A 2010 gwamnati ta kafa cibiyar bincike ta kimci zalla, wadda ke birnin Gwangju. A 2013 UNESCO ta sa kimjang cikin jerin al'adun gado na duniya, a 2020 kuma aka ware 22 ga Nuwamba ta zama ranar kimci. Ma'aikatar gonarsu har lambar gwaninta take ba ƙwararrun masu haɗa abincin gargajiya, ta tallafa musu su koyar da na baya.

A watan Disamban 2024, a taron UNESCO da aka yi a ƙasar Paraguwai, an ƙara da al'adar Koriya ta tsima waken suya, wato dangin daddawarsu. A wannan zama ɗaya aka amince da aceke na ƙasar Kwaddebuwa, wanda da tsimammen rogo ake yi, aka kuma amince da Hawan Sallah na Kano. Wato duniya ba ta ƙi namu ba, abin da masu shi suka ɗauka da daraja suka gabatar shi ake karɓa. Kuma duk waɗannan lambobin yabo sun biyo baya ne. Kafin su, mutanen gida ne suka ci gaba da ci, suka ci gaba da saye a wurin masu yi.

In an aike ka, ga abin dubawa

Ka fara da tambaya cikin ladabi: ta kalwa ce zalla, ko ta waken suya, ko haɗi? Babu laifi a ko wacce, amma kuɗinsu da ƙarfinsu a miya ba ɗaya ba ne, kuma mai gaskiya za ta faɗa maka. Ta kalwa ta fi duhu da ƙarfin ƙamshi, kaɗan take isa. Araha ba ta ado.

Ka duba bushewa. Wadda ta bushe sosai tana da tauri, tana ɓallewa in an karya. Mai damshi ba ta jimawa take yin fumfuna. Duk wadda ka ga fari ko koren fumfuna ko ƙwari a jikinta, bar ta.

Ka ɗan murza gutsure a yatsa ka ji ko da yashi. Ka kuma lura da wurin shanya. Wadda ke shanyawa a kan tabarma ko tire a sama, ta rufe da raga saboda ƙuda da ƙura, ita ta cancanci kuɗinka, kuma in ka yaba mata za ta ƙara himma.

In an kawo gida, a ƙara mata rana, a daka ta da citta da barkono da masoro ko a bar ta haka, a zuba a kwalba mai murfi. Ta haka takan yi watanni, ba ta kuma cika ɗaki da wari. Mai gudun ƙarfinta a miya ya soya ta kaɗan da albasa a cikin mai kafin ya tsaida ruwa. 'Yan makarantar kwana sun san darajar yajin daddawa a kan garau-garau ranar da abincin makaranta ya ƙi ciyuwa.

Aikin da ke jiranmu

Ba sai mun jira gwamnati ta kafa cibiyar daddawa ba. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil tana maƙwabtaka da Gaya, tana da sashen kimiyyar abinci, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse ta gabas, ga Jami'ar Bayero a Kano. Ɗalibin da ke neman batun binciken kammala digiri zai iya ɗaukar matsala ɗaya daga cikin na Inna: murhun da ke rage cin itace, ko injin ɓare kalwa da zai rage awannin dahuwa, ko akwatin shanya mai amfani da rana wanda ƙura ba ta shiga. Ɗalibin Hausa ko tarihi ya ɗauki wayarsa ya zauna da kakarsa, da izininta, ya naɗi yadda take yi da sunan kowane mataki da kowane kayan aiki, tun tana da ƙarfin bayani.

Mai sha'awar kasuwanci kuma ya sani akwai 'yan Gaya da Ajingi a Kano da Abuja da Legas da ke saƙon daddawar gida duk sanda wani zai taho. Sayo daga masu yi a farashin da ba zalunci, a daka, a auna, a zuba a mazubi mai tsafta da sunan garin da aka yi ta, a tallata a WhatsApp, sana'a ce da ɗalibi zai iya farawa da ɗan jari. In ta bunƙasa sai a nemi rajistar NAFDAC. Sharaɗi ɗaya ne, kada a mayar da mai wahalar kwana a gaban wuta 'yar kallo a ribar.

Mafi sauƙi duka shi ne shuka. A samu ɗanyar kalwa da ba a dafa ba, a zuba mata ruwan zafi a bar ta ta kwana a ciki don ɓawon ya yi laushi, a shuka a leda, in damina ta kankama a dasa a gefen gona ko harabar makaranta, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Ƙungiyar matasan manoma ta kowace sakandare a Gaya da Ajingi za ta iya dasa goma a bana. Ɗan aji ɗaya da ya dasa tasa ya kula da ita, kafin ya gama jami'a ana iya kaɗo 'ya'yanta na fari.